Ɗanyen Yumɓu

Minna,
14 ga Yuni, 1969.

Zuwa ga Yayata Kiristiyana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Yaya maigida Irimiya da aikin reluwe? Yaya ɗana Shekwolo, tarin nan ya sake shi? Yaya ruwa a Zungeru? Mu nan ya sauka sosai, har rufin ajinmu ya soma yoyo.

Yaya, ki gafarce ni da na yi wata biyu ban rubuto ba. Aiki aka ƙara mini. Hedimastanmu, Malam Ndakotsu, ya ɗora mini darasin zane da aikin hannu daga aji biyar zuwa bakwai, ga kuma ajin bakwai ɗin da nake riƙe da shi. Fenti babu, takardar zane babu, an ce sai yaƙi ya ƙare. Muna dai yi da abin da muka samu. Mu daka gawayi, mu jiƙa jan ƙasa, mu roƙi ragowar shuni wajen matan unguwar Limawa. Kwalin sabulu muke yankawa mu yi zane a bayansa, buroshi kuwa asuwaki ne da yara suka tattauna bakinsa. Da kin ga jiragen ƙasan da suke zana mini, kowanne hayaƙinsa ya fi jirgin tsawo, da kin sha dariya.

Ranar uku ga watan gobe sufeton makarantu zai zo, Hedimasta kuma yana so a baje masa aikin yara. Ya raɗa mini cewa idan sufeto ya ji daɗi, sunana zai shiga cikin waɗanda za a tura kwas Zariya. Kin san shekara nawa nake wannan addu'a.

Shi ya sa na ce mu yi ginin yumɓu. Na san za ki yi murmushi, ki ce yau ni ce da yumɓu, ni da nake ɓoye wa abokaina a makarantar horon malamai cewa uwarmu maginiya ce. Asabar da ta wuce na kwashi yara muka je bakin kogin Chanchaga muka haƙo, muka daka tsingaro muka cuɗa da shi.

Akwai wata yarinya a ajina, Mariyamu, 'yar wata maginiya mai suna Halimatu da ke unguwar Shango. 'Yar yarenmu ce. Ita ce ta ɗaya a lissafi da Turanci, kuma ita muke sa rai za ta ci jarrabawar shiga sakandare a watan Oktoba. Da ta kama yumɓu sai na tsaya ina kallonta. Ta sunkuya tana zagaya tukunyar da baya da baya, kamar yadda marigayiya Mama take yi. Ta gina ɗan tulu, ta zana masa ƙadangare da tsinken ciyawa. Yara suka bar ni da littafin manhaja a hannu, suka kewaye ta. Na tsawata mata, na ce ba haka littafi ya ce a yi ba. Ban san abin da ya sa na ji haushi ba, alhali nata ya fi na littafin kyau.

Idan kin sami mai zuwa a jirgi, ki aiko mini da ɓawon ɗorawa, ina so in haɗa makuba mu yayyafa wa tukwanen su yi sheƙi.

Ki gaishe mini da mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Alisabatu.

Minna,
6 ga Yuli, 1969.

Yaya Kiristiyana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ke da maigida da Shekwolo. Ɓawon ɗorawa ya iso, na gode. Ni lafiyar jiki kalau, amma abu marar daɗi ya faru a makaranta, ina roƙon ku sa mu a addu'a.

Yoyon rufin nan ya jiƙe tukwanen farko, muka zo ran Litinin muka tarar sun koma taɓo. Dole muka sake gina wasu. Ran Talata ta mako na gaba, saura kwana biyu sufeto ya zo, aka jera su a bayan makaranta, aka lulluɓe da kirare da ciyawa aka sa wuta. Ina ɗakin ajiya wajen ɗauko makuba na ji ƙara kamar harbin bindiga, sau uku a jere. Tukwanen ne suka fashe. Wani tsingaro ya tashi ya sami wata yarinya 'yar aji biyar a idon hagu. Sunanta Sharifa, 'yar Malam Sanda tela a Limawa, shekararta goma. Ni na goya ta har bakin titi muka sami mota zuwa asibiti. Rigata har yanzu ban iya wanke ta ba. Likita ya ce sai a kai ta asibitin ido a Kano, jiya ubanta ya shiga jirgi da ita.

Hedimasta ya tara yara ya tambaya wa ya kunna wutar, suka ce Mariyamu. An yi mata bulala shida a gaban makaranta, an kore ta, an soke sunanta daga masu jarrabawa. Rahoton da aka aika ofishin ilimi ya ce ta kunna wuta ba da izini ba, lokacin da malama ba ta wurin. Na sa hannu a ƙarƙashin na Hedimasta.

Sufeto ya zo ran Alhamis. Mun nuna masa zane-zane da tabarmi da faya-fayen da yara suka saƙa. Ya yaba ƙwarai, ya ce a ajiye masa hoton jirgi ɗaya zai rataya a ofis. Ya jajanta mini, ya ce wasu yaran ba sa jin magana. Hedimasta ya ce batun Zariya ya tabbata.

Kada ki damu da ni. Abinci ne dai ba ya shiga, amma zai wuce.

Taki,
Alisabatu.

Minna,
27 ga Yuli, 1969.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida, Allah ya ƙara wa Shekwolo lafiya. Takardarki ta zo tun kwana goma. Na karanta ta sau da yawa, ko da yake layi shida ce kawai. Ba ki zarge ni ba. Tambaya kawai kika yi, kwana nawa tukwanen suka yi suna bushewa, kuma wa ya tsai da ranar toyi.

Kwana shida, Yaya. Kwana shida cikin marka, rana ba ta fito sosai ba ko sau ɗaya. Kuma ni na tsai da ranar.

Ban yi miki ƙarya ba a waccan takarda, amma na jera miki gaskiyar yadda za ki fahimci ƙarya. Yau zan faɗa miki yadda aka yi.

Da safen ran Talata Mariyamu ta same ni a bakin aji. Ta ɗauki tukunya ɗaya ta manna a kumatunta, ta ce mini da Turanci tana da sanyi, ba ta bushe ba. Na ce ta ajiye ta je ta ɗebo kirare. Da aka gama jerawa ta sake zuwa. Wannan karon ta matso kusa ta yi mini magana da yarenmu, a hankali, kamar 'ya da uwarta. Ta ce idan aka sa musu wuta za su yi harbi, in bari ta kai su gidansu uwarta ta ɗan gasa su a bakin murhu, ko kuma a nuna wa sufeto su ɗanye. Yara suna kallonmu. Na ji kamar ta tuɓe mini zane a kasuwa. Na sa ta miƙa hannu, na ba ta rula uku saboda ta yi yare a makaranta. Sannan na miƙa mata ashana na ce tunda ita ce gwana, ta kunna.

Ta tsaya riƙe da ashanar ba ta ƙyasta ba, sai da na daka mata tsawa.

Akwai abin da ya fi wannan. Ita ta ce wa yara su ja da baya, ni na ce su matso su kalla da kyau, domin za su rubuta abin da suka gani a nuna wa sufeto. 'Yan aji biyar ƙanana ne, na sa su a gaba. Daga nan na tafi ɗauko makuba.

Yaya, ba rashin sani ba ne. Ni ma na taɓa tukwanen da safe, na ji sanyinsu a tafin hannuna. Sau nawa Mama ta fasa toyi a damina, ta ce a ƙara mako? Na sani sarai. Na ce a raina wataƙila biyu ko uku su tsage, sauran su isa a nuna.

Da ake yi mata bulala ina tsaye a gefen Hedimasta. Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni, tana jira. Yara arba'in da suka ji abin da ya faru su ma suna jira. Na sunkuyar da kai ina gyara rajista.

Sharifa ta dawo daga Kano. Idon ba zai ƙara gani ba.

Yanzu idan na shiga aji yara sukan miƙe su gaishe ni yadda suka saba, su zauna shiru. Ran Juma'a na ce kowa ya zana abin da yake so. Da na karɓi kwalayen, bakwai a ciki wuta ce. A coci na kasa zuwa cin jibin Ubangiji, na ce wa matar fasto ciki ke damuna.

Ki faɗa mini abin da zan yi. Ko da yake na san abin da za ki ce.

Ƙanwarki mai laifi,
Alisabatu.

Minna,
24 ga Agusta, 1969.

Yaya Kiristiyana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da yaro. Na gode da kika shigo jirgi kika zo da kanki. A kwana biyun da kika yi ne na fara cin abinci kamar mutum. Ga yadda abubuwa suka kasance bayan tafiyarki.

Na fara da Hedimasta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofar ofis. Ya ce dama ya yi zaton haka, amma rahoto ya riga ya tafi da hannunsa da nawa, sunayen masu jarrabawa kuma an rufe su. Ya ce in yi shiru in tafi Zariya, idan na dawo in riƙa kyautata wa yara. Ba mugun mutum ba ne, Yaya, shekara biyu ta rage masa ya huta, tsoro yake ji. Na ce masa zan rubuta wa ofishin ilimi, kuma zan faɗa cewa shi bai sani ba. Na rubuta, na kai da hannuna.

Daga nan na tafi Limawa. Na tarar da Malam Sanda a zaure a kan keken ɗinki. Na durƙusa na faɗa masa komai, har maganar matso da yara gaba. Ya tsai da keken. Ya daɗe yana warware wani zare da bai harɗe ba. Sannan ya ce shi ya riga ya karɓi abin a matsayin ƙaddara, har ya aika wa uwar Mariyamu cewa ya yafe wa yarinya domin yarinya ce, yanzu kuma na zo na sa sai ya sake sabon lale da babba. Ya ce ba zai kai ni ƙara ba, amma kada in nemi ya ce ya yafe a ranar, don ba ya son ya faɗi abin da ba ya zuciyarsa. Sharifa kuma ta gama boko. Na roƙa in gan ta, ya ce tana barci. Ina jin muryarta a tsakar gida.

Shango ce ta fi mini wuya. Na tafi da ƙafa. A hanya na cim ma wata mata da tulu huɗu a kafaɗa za ta kasuwa, na tambaye ta gidan Halimatu maginiya, ta ce ita ce. Ta san ni, ni ban san ta ba. Ta sauke kayan a gindin mangwaro, muka zauna. Na fara da Hausa, ta amsa mini da yarenmu, dole na koma yaren da na doki 'yarta a kansa.

Ban kai rabi ba ta ce in huta, Mariyamu ta faɗa mata duka tun ranar. Na tambaye ta me ya hana ta zuwa makaranta ta tona. Ta ce wa zai ɗauki maganar mai tukwane ya bar ta malama? Ta ce kuma yarinyar ce ta hana, ta ce Malama za ta faɗa da kanta. Kowace safiya har mako uku Mariyamu tana wanka ta sa rigar makaranta ta zauna a ƙofar gida, wai za a aiko a kira ta. A mako na huɗu ta ninke rigar ta ba ƙanwarta.

Yaya, na fi son bulala shidan nan da wannan magana.

Muka koma gidan tare. Mariyamu tana cuɗa yumɓu da ƙafa. Ta wanke hannu ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ba ta haƙuri a gaban uwarta da maƙwabta. Ta ce ba komai, idonta a ƙasa, ta koma kan aikinta.

Amsar ofis ta zo shekaranjiya. An soke tafiyata Zariya, an rubuta mini takardar gargaɗi, an mai da ni aji biyu. An wanke Mariyamu, amma jarrabawar bana ta wuce ta. Za ta iya maimaita aji bakwai a Janairu idan iyayenta sun yarda. Ran Litinin Hedimasta zai karanta takardar a gaban makaranta, na roƙa a bar ni in tsaya a inda aka tsai da ita.

Ki ci gaba da yi mini addu'a. Ki gaida Irimiya, ki ce na gode da bai hana ki zuwa ba.

Ƙanwarki,
Alisabatu.

Minna,
13 ga Disamba, 1970.

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ku da shirin Kirsimeti. Yaya nauyin jiki? Irimiya ya ce watan gobe ne, Allah ya sauke ki lafiya. Ki ce wa Shekwolo na ga sakamakonsa, ya yi ƙoƙari.

Kin tambaye ni labarin yaran nan biyu. Mariyamu ta dawo a Janairu kamar yadda kika sani. Shekara guda muna haɗuwa a filin makaranta, ta gaishe ni in amsa, shi ke nan. Malamin ajinsu ya ce a darasin aikin hannu takan zaɓi saƙa, ba ta taɓa yumɓu a makaranta. Ni kuwa ina nan da 'yan aji biyu, muna yanka ganye muna mannawa da ƙullun rogo, muna buga hoto da dankali. Yaƙi ya ƙare, fenti ya zo kwali biyu, yara har lasa suke yi.

Sakamako ya fito makon jiya. Ta ci, ita ce ta biyu a duk lardin. Za ta tafi sakandaren 'yan mata a Janairu.

Akwai takardar shaidar hali da makaranta ke cikewa. Malam Ndakotsu ya kira ni ya ce ni na fi daɗewa ina koyar da ita, ni zan cike. Na ce bai dace ba, ya ce ya dace. Wurin da aka bari layi biyu ne. Na yi kwana biyu da takardar a jaka, a ƙarshe na rubuta cewa yarinya ce mai sanin abin da take yi, tana faɗin gaskiya cikin ladabi ko da babba bai so ji ba.

Ran Juma'a ta zo karɓa. Ta karanta a tsaye a bakin ajina, ta ninke ta sa a littafi, ta ce ta gode. Na ɗauka za ta tafi. Sai ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko tun ranar bulala, ta ce, "Malama, Sharifa fa?"

Ashe duk Asabar idan ta kai wa uwarta tukwane kasuwa takan biya Limawa, su zauna a zaure tana koya mata abin da aka yi a aji. Wata goma sha ɗaya tana yi, ba wanda ya sa ta. Ni da na je sau ɗaya aka ce mini tana barci, ban sake komawa ba, na ce wa kaina ina girmama fushin ubanta ne. Mariyamu ta ce yanzu da za ta tafi babu mai zuwa, kuma sun tsaya a lissafin kashi-kashi, shafi na sittin da biyu.

Jiya na je. Malam Sanda ya amsa sallamata, bai ce in shiga ba, bai ce in tafi ba. Na tsaya a rana riƙe da littafin lissafi har ya gama ɗinke hannun wata riga. Sannan ya tura benci da ƙafa zuwa inuwa, ya ɗaga murya ya ce Sharifa ta fito da fensirinta. Ta yi tsawo. Tana karkata kai gefe idan za ta duba shafi, dole na koma damanta na zauna don ta gan ni. Mun yi shafi biyu. Da zan tafi ubanta ya ce, ba tare da ya bar ɗinki ba, Asabar mai zuwa in zo da wuri kafin rana ta shigo zauren.

Saboda haka ba zan sami zuwa hutu Zungeru yadda na yi alkawari ba. Zan zo ran Laraba kafin Kirsimeti, in juyo a jirgin Juma'a. Ki yi haƙuri da ni, idan kin haihu zan nemi izini in zo suna.

Ki gaida maigida da Shekwolo da matan zumunta. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Alisabatu.